Dogayen Benaye: Tambayoyin Ɗaliban Zanen Gine-gine da Amsoshinsu

A kusan kowace makarantar koyon zanen gine-gine, ko a Zariya ko Minna ko Bauci ko Lome, akan kai zangon da malami zai ce kowa ya zana dogon bene. Zango ne da ɗalibai ke ɗokinsa, kuma a cikinsa aka fi samun aikin da ya burge ido amma ba zai tsaya da ƙafarsa ba, ko ya tsaya amma ba zai zaunu ba. Tambayoyin nan su ne suka fi yawo a ɗakin zane a irin wannan lokaci. Abu ɗaya za ku ga ina ta komawa kansa: kafin mai zane ya zaɓi siffar dogon gini, iska da lifta da matakalar gudun gobara da rana sun riga sun faɗi tasu, kuma gwanin mai zane shi ne wanda ya saurare su tun daga ranar farko.

Daga hawa nawa ake ce wa gini dogo?

Babu lamba ɗaya da kowa ya yarda da ita. Majalisar nazarin dogayen gine-gine da aka fi sani da CTBUH, wadda aka kafa a Amurka a 1969 kuma ita ke riƙe da ƙididdigar dogayen gine-ginen duniya, takan ɗauki hawa 14 ko mita 50 a matsayin mafari, amma ita kanta ta ce sai an duba muhalli. Bene mai hawa 14 a Katsina dogo ne, a Hong Kong kuwa ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi. Abin da ya kai mita 300 yana da ajinsa daban, haka wanda ya kai mita 600. A wannan aji na ƙarshe guda huɗu ne aka kammala: Burj Khalifa a Dubai mai mita 828, Merdeka 118 a Kuala Lumpur mai mita 679, Shanghai Tower mai mita 632, da benen agogo na Makka mai mita 601.

Ma'anar da ta fi amfani gare ku ita ce ta injiniyoyi: gini ya zama dogo daga lokacin da turin iska daga gefe ya fara juya akalar zanen fiye da nauyin da ke sauka ƙasa.

Me ya hana mutanen da gina benaye masu hawa 40 ko 50?

Bango da ƙafa. Muddin bango ne ke ɗauke da gini, kowane hawa da aka ƙara sai an ƙara wa bangon ƙasa kauri. Maginan Agadas sun san haka sarai: hasumiyar babban masallacinsu, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sabunta ta a 1844, faɗi gare ta a gindi tana tsukewa yayin da take hawa. Haka gidajen ƙasa na Shibam a Yaman, waɗanda wasunsu suka kai hawa 11. Ginin Monadnock na Chicago, da aka gama a 1891, shi ya nuna iyakar wannan hanya: hawa 16 na jan bulo, amma kaurin bangonsa a ƙasa ya kai mita 1.8. Da an ci gaba a haka, da bango ya cinye hawan ƙasa, wanda shi ne mafi tsadar haya.

Abu biyu suka buɗe ƙofa. Na farko lifta mai birki, wadda Elisha Otis ya nuna wa jama'a a New York a 1854, inda ya sa aka yanke igiyar da yake rataye da ita bai faɗo ba. Kafin nan hawan sama na talaka ne, domin mai kuɗi ba zai taka matakala shida ba. Na biyu ƙashin ƙarfe, wato ginshiƙai da bim (ƙarafan da ke kwance a kan ginshiƙan) su ɗauki nauyi, bango ya koma sutura kawai. Ginin Home Insurance na William Le Baron Jenney a Chicago, mai hawa 10, da aka gama a 1885, shi aka fi ambata a matsayin na farko a wannan tafarki. Shekara 46 bayan nan aka buɗe Empire State mai hawa 102.

Nauyi ne babbar matsalar dogon gini ko iska?

Iska. Nauyi yana ƙaruwa daidai da yawan hawa, kuma an san inda ya dosa. Iska kuwa lissafinta ya fi haka tsanani. In gudunta ya ninka biyu, matsinta a jikin bango ya ninka huɗu, ga shi kuma tana ƙara gudu yayin da aka yi sama, inda babu gidaje da itatuwan da za su tare ta. Dogon gini sanda ce da aka kafe gindinta a ƙasa, kanta ba ya jingine da komai. In kuka ninka tsayinta biyu ba ku taɓa kaurinta ba, ƙarfin da ke neman tumɓuke gindin zai ninka huɗu, karkacewar kanta kuma ta ninka 16. Wannan lamba ta 16 ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe ta kafin ya ƙara hawa goma a zanensa don kawai ya fi na abokinsa.

Akwai kuma abin da ya fi turi haɗari. Idan iska ta bugi gini mai kusurwoyi huɗu, takan rabu biyu, sai ƙananan guguwa su riƙa ɓallewa daga bayansa, ɗaya ta hagu, ɗaya ta dama, bi da bi. Kowace ta ɓalle sai ta fizgi ginin zuwa gefenta. In bugun wannan fizga ya dace da bugun lilon ginin na asali, lilon sai ya yi ta ƙaruwa. Saboda haka gini yakan fi kaɗawa gefe da gefe, ba ta inda iskar ta nufa ba.

Maganin yana hannun mai zane kafin ya kai ga injiniya. Gini mai faɗi iri ɗaya daga ƙasa har sama yana ba guguwar damar haɗa kai, duk ta ɓalle lokaci guda. In faɗin yana canzawa, kowane sashe da nasa bugun, sai su kasa jituwa. Dalilin da ya sa Burj Khalifa ke raguwa mataki-mataki yana kewayawa ke nan. Shanghai Tower an murɗa shi digiri 120 tare da tsuke shi, kuma gwaji ya nuna hakan ya rage nauyin iska da kashi 24 cikin 100, aka samu rarar kayan gini ta kusan dala miliyan 58. Ginin 432 Park Avenue a New York, wanda tsayinsa ya ninka faɗinsa sau 15, an bar masa hawa biyu a buɗe bayan kowane hawa 12 don iska ta wuce. Ko yanke kusurwa kaɗai yana taimakawa. Saboda haka in kun murɗa gininku, ku shirya amsa: digiri nawa, kuma daga ina iskar garin ta fi kaɗawa? Murɗar da ba ta da wannan amsa tsada ce kawai, domin kowane ginshiƙi da kowane gilashi zai fita da nasa awo.

Wane irin ƙashi za mu zaɓa?

Tsayi ne ke zaɓa. Har zuwa hawa 20 ko 30, ginshiƙai da bim masu ƙarfin gaɓa, ko bangayen kankare da aka jera a kewayen lifta da matakala, sun isa. Yawancin abin da za ku gina a rayuwarku a nan zai tsaya, kuma ya cancanci ku ƙware a kansa fiye da komai.

Daga nan sama, sunan da za ku riƙe shi ne Fazlur Rahman Khan, injiniya haifaffen Dhaka a 1929, wanda ya yi aiki da kamfanin SOM a Chicago ya rasu a Jidda a 1982. Duk wanda ya sauka a rumfunan alhazai na filin jirgin Jidda ya tsaya a ƙarƙashin aikinsa. Khan ya lura cewa ana ɓarnar ƙarfe wajen ƙarfafa kowace gaɓa a cikin gini, alhali in aka tura ƙarfin zuwa bangon waje, ginin duka sai ya zama bututu guda mai tsaurin gaske. A John Hancock Center mai hawa 100 ya gicciya manyan ƙarafa a fuskar ginin, kowa yana ganinsu daga titi. A Sears Tower mai mita 442, wanda yanzu ake kira Willis, ya ɗaure bututu tara wuri guda, suna ƙarewa a tsayi daban-daban. Kara ɗaya iska na lanƙwasa shi, damin kara kuwa sai ya tsaya kyam. Hikimar ke nan.

Tsarin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne cibiyar kankare a tsakiya, da manyan ginshiƙai a gefe, sannan a wasu hawa a miƙa bango ko ƙarfe mai zurfin hawa ɗaya ko biyu ya haɗa su, yadda in cibiyar ta so karkacewa ginshiƙan za su riƙe ta. Waɗannan hawa ba sa hayuwa da daɗi, shi ya sa ake zuba injuna a cikinsu, kuma ku ne za ku nuna inda suke a zanenku. A Burj Khalifa, injiniya Bill Baker da mai zane Adrian Smith sun yi cibiya mai kusurwa shida da fukafukai uku a siffar harafin Y, kowane fiffike yana tokare sauran biyun.

Da gaske dogayen gine-gine suna lilo?

Suna yi, kuma an tsara su su yi. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada kan gini ya kauce fiye da kashi ɗaya cikin 500 na tsayinsa a iska mai ƙarfi, wato santimita 40 ga gini mai mita 200. Ginin ba zai faɗi don wannan ba. Damuwar ita ce mutanen ciki: jiri, tashin zuciya, ƙofa na motsi, ruwan baho na tangaɗi. Jikin mutum bai cika damuwa da nisan lilo ba, saurin juyawarsa yake ji, kuma wanda ke kwance a gida ya fi wanda ke aiki a ofis saurin ji.

Idan siffa da tsauri ba su wadatar ba, sai a rataya nauyi a sama wanda zai riƙa jinkirin bin ginin yana shanye motsin. Wanda ya fi shahara yana Taipei 101: ƙwallon ƙarfe mai tan 660, a rataye tsakanin hawa na 87 da na 92, a fili inda baƙi ke kallonsa. In gininku siriri ne, ku bar wa irin wannan wuri tun yanzu.

To ta ina za mu fara zanen?

Ta cibiya. Na san ba abin da kuke son ji ba ne, domin hannu ya fi son zana gini daga nesa da gajimare a bayansa. Amma a cibiya ne lifta take, da matakalar gudu, da banɗaki, da ramukan wayoyi da bututu, kuma ita ce ƙashin bayan ginin. Takan ci kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kowane hawa. Abin da ya rage shi ake haya, shi ne kuma mai gini zai fara lissafawa. Ɗalibin da ya zana siffa tukuna, sannan ya zo cusa cibiya, yakan tarar cewa a hawa goma na sama, inda ya tsuke ginin don kyau, babu abin da ya saura sai lifta da lungu.

Bayan cibiya sai tazarar da ke tsakaninta da taga. A ofis takan kasance mita 9 zuwa 13. Hasken rana yana shiga ɗaki da amfani zuwa kamar ninki biyu ko biyu da rabi na tsayin kan taga, saboda haka duk abin da ya zarce nan fitila zai dogara da ita dare da rana. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan kaɗai ya isa ya sa ku fi son gini marar zurfi. Sai tsayin hawa: wajen mita 4 a ofis saboda bututun sanyi da ke bin rufi, mita 3 da ɗan ɗoriya a gidan zama. Ku ninka bambancin sau 40 ku ga abin da ya zama.

Kuma ba dole cibiya ta zauna a tsakiya ba. A ƙasa mai zafi akwai riba a tura ta gefen da rana ta fi duka, ta zama garkuwa. Sai dai ku gaya wa injiniya da wuri, domin cibiyar da ke gefe tana sa gini ya so murɗewa in iska ta buge shi.

Lifta nawa ke isa?

Lissafi ne, ba ƙiyasi ba. Ana duba yawan mutanen ginin, da nawa ne za su iso cikin minti biyar mafi cunkoso na safiya, da tsawon jiran da za a lamunta, wanda a ofis mai kyau bai wuce daƙiƙa 30 ba. Matsalar ita ce kowace lifta da ke zuwa sama sai ta huda duk hawan da ke ƙasa, har a kai inda ƙarin hawa yake cin fili fiye da wanda yake bayarwa. Don haka ake raba su rukuni-rukuni, na ƙasa da na tsakiya da na sama, ramin kowane rukuni ya ƙare inda aikinsa ya ƙare. A gini mai tsayi sosai akan yi tashar canji a sama: tagwayen benayen World Trade Center na New York, kafin rushewarsu a 2001, suna da ita a hawa na 44 da na 78. Igiyar ƙarfe ma tana da iyaka, wajen mita 500, domin daga nan nauyin kanta ya yi yawa.

A wurinmu akwai ƙarin tambaya da littafi ba ya yi: wa zai yi gyara, a ina za a samo kayan, kuma me zai faru da tsohuwar da ke hawa na 18 ranar da janareta ya ƙi tashi?

Yaya zurfin harsashi yake zama?

Ƙasa ce ke faɗa, kuma ba a jin ta bakinta sai an haƙa an gwada. Burj Khalifa yana zaune a kan shimfiɗar kankare mai kaurin mita 3.7, a ƙarƙashinta turakun kankare 194, kowanne faɗinsa mita 1.5, sun nutsa fiye da mita 40. Ba su taka dutse mai ƙarfi ba, riƙon da ƙasa ta yi wa jikinsu ne ke ɗauke da ginin. Tagwayen Petronas a Malesiya sai da aka matsar da su kimanin mita 60 daga inda aka fara nufa, saboda abin da gwajin ƙasa ya tono. Millennium Tower na San Francisco kuwa, mai hawa 58, an gano a 2016 cewa ya nutse kusan santimita 40 ya kuma karkata, aka dawo ana kafa masa sabbin turaku har zuwa dutse.

Nutsewa kaɗan ba laifi ba ce in ta zo daidai ko'ina. Wadda ake tsoro ita ce ta gefe ɗaya, ko tsakanin dogon sashe mai nauyi da gajeren da ke manne da shi. Tsibirin Legas yashi ne da laka da ruwa kusa, Kano da Zariya da Abuja dutse bai cika nisa ba, wasu sassan Borno kuma baƙar laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani. Harsashin da ya yi a ɗaya ba a kwafe shi a kai ɗayan.

Idan gobara ta tashi a hawa na 30 fa?

Tsanin motar kashe gobara yawanci bai wuce mita 30 ba, wato hawa 10. Daga nan sama gini ne zai ceci kansa. Ku tanadi matakala biyu aƙalla, nesa da juna, a cikin bango mai jure wuta, da ƙofofi masu rufe kansu, da fanka mai tura iska ciki don hayaƙi ya kasa shiga, domin hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Ku tanadi famfunan yayyafi a rufi, da bututun ruwan 'yan kwana-kwana mai hawa har sama, da lifta tasu ta daban, da hawan fakewa inda marasa ƙarfi za su tsaya a jira. Kowane hawa ya zama akwati rufaffe, har ɗan ratar da ke tsakanin dekin da bangon gilashi a toshe shi.

Ku karanta labarin Grenfell a Landan da kyau. Ranar 14 ga Yuni 2017 wuta ta tashi daga firiji a hawa na huɗu na bene mai hawa 24. Ya kamata ta tsaya a wannan gida, amma sai ta fita ta taga ta kama lulluɓin da aka yi wa ginin daga baya, falankin alminiyom mai roba a tsakiya, ta bi shi har sama. Matakala ɗaya ce a ginin. Mutum 72 suka mutu. Abin da ya kashe su kaya ne da wani ya zaɓa a kan takarda, don kyau da araha. Mu ma mun ga namu: ginin NET a Legas ya kama wuta a 1983, Cocoa House na Ibadan mai hawa 26 a 1985.

Me ya sa malamai ke faɗa in mun lulluɓe gini da gilashi?

Domin akwatin gilashi an haife shi ne a Chicago da New York, inda rabin shekara ake maraba da rana. Ku kawo shi garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, sai ya koma tanda, sai a sayi manyan injunan sanyi su yaƙi zafin da mai zane ya gayyato da hannunsa, da man dizal. Mazauna kuma su sa labule su kunna fitila, kallon garin da aka yi gilashin dominsa ya tafi. Ga ƙurar hunturu, wadda ke buƙatar a wanke fuskar ginin a kai a kai, da ruwan da ba shi da yawa.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar rana tana bi ta kusan tsakar ka. Fuskar kudu da ta arewa suna da sauƙin karewa, 'yar rumfa a kan kowace taga ta isa. Gabas da yamma ne masu wuya, domin rana tana shigowa a kwance, ta yamma kuma tana zuwa lokacin da gari ya riga ya ɗau zafi. Saboda haka ku miƙe ginin yadda dogayen fuskokinsa za su kalli kudu da arewa, ku ba yamma bango ko matakala ko banɗaki.

Ginin da nake so kowane ɗalibinmu ya zana da hannunsa shi ne na National Commercial Bank a Jidda, wanda Gordon Bunshaft ya zana aka gama a 1983. Hawa 27 ne, mai kusurwa uku, bangonsa na waje dutse ne ba taga. A maimakon tagogi an huda manyan ƙofofi uku masu tsayin hawa da dama, kowace da lambu a cikinta, gilashin ofisoshi yana kallon waɗannan farfajiyoyi daga cikin inuwa, iska mai zafi kuma tana fita ta rami a tsakiya. Gidan da ya juya wa titi baya ya buɗe wa tsakar gida, wanda duk muka sani, shi aka ɗaga sama. Ku duba kuma Menara Mesiniaga na Ken Yeang a Malesiya, na 1992, da gidajen Kanchanjunga na Charles Correa a Mumbai, masu baranda mai tsayin hawa biyu a kusurwa. Benayen Al Bahr na Abu Dhabi, na 2012, suna da lemomi fiye da 1,000 kowanne, masu buɗewa da rufewa da kansu suna bin rana. Abin sha'awa ne, amma ni ban ba ku shawarar kwaikwayonsa ba. Inuwar kankare da ba ta motsi ba ta neman makaniki.

Ruwa fa, yaya yake kaiwa sama?

Da famfo, zango-zango. Kowace mita 10 ta tsayi tana ƙara matsin ruwa da ma'aunin bar ɗaya, don haka tanki guda a kan gini mai mita 150 zai farfasa kan famfunan hawan ƙasa. Ana raba ginin shiyya-shiyya, kowace da tankinta da injinta. Ku ware hawan injuna a zanenku, ku tuna kuma ruwa nauyi gare shi: lita 1,000 tan ɗaya ce.

Me ya sa ake cewa hawan ƙasa ya fi na sama muhimmanci?

Domin mutanen gari a nan suke haɗuwa da ginin, har waɗanda ba za su taɓa shiga ba. Ginin Equitable na New York, da aka gama a 1915, ya tashi sak daga bakin titi ya jefa maƙwabta cikin duhu, kuma yana cikin abin da ya jawo dokar 1916 da ta tilasta wa benaye ja da baya yayin da suke hawa. Dogon bango kuma yana kamo iskar sama ya sauko da ita kan masu tafiya a ƙasa, sai an tare ta da gajeren sashe mai faɗi ko rumfa. A 2013 wani bene mai lanƙwasasshen gilashi a titin Fenchurch na Landan ya tattara hasken rana har ya narka sassan wata mota.

Ku zana inda mai adaidaita zai sauke fasinja, inda mai gadi zai zauna, inda motar shara za ta juya, inda za a yi alwala da salla, inda janareta zai yi ƙara ba tare da ya hana maƙwabta barci ba. In filin yana kusa da filin jirgin sama, kamar yadda yake a unguwanni da dama na Kano, sai da izinin tsayi daga NCAA, hukumar kula da harkar jiragen sama ta Najeriya.

Ɗalibi yana da bakin magana a kan lissafin manya?

Yana da shi. Ginin Citicorp na New York, mai hawa 59, an ɗora shi a kan manyan ginshiƙai huɗu da ke tsakiyar kowace fuska maimakon kusurwa, saboda wani coci da ke kusurwar filin. A 1978 wata ɗalibar injiniya a jami'ar Princeton, Diane Hartley, tana rubuta kundin kammala karatunta a kansa, ta ga lissafinta na iskar da ke bugun kusurwa bai yi daidai da nasu ba, ta tuntuɓi ofishin injiniyan. A cikin wannan shekara ta 1978 injiniyan ginin, William LeMessurier, ya sake lissafi, ya kuma gano cewa gaɓoɓin da ya tsara a yi wa walda an ɗaure su da noti a wurin aiki. Bai ɓoye wa masu ginin ba. Aka yi watanni ana walda da dare har aka gyara, jama'a ba su ji cikakken labarin ba sai a 1995.

Ku ajiye wannan kusa da abin da ya faru a titin Gerrard na Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, inda bene mai hawa 21 da ake kan ginawa ya rufta ya kashe fiye da mutum 40, yawancinsu leburori da masu sana'ar hannu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Rajistar ARCON da ta COREN, wato hukumomin rajistar masu zanen gine-gine da na injiniyoyi a Najeriya, da gwajin kankare, da ƙin ƙara hawa a kan abin da aka lissafa, duk don irin wannan rana aka yi su.

Shin garuruwanmu ma suna buƙatar dogayen benaye?

Wasu wurare ƙalilan, i. Inda fili ya yi tsadar gaske kuma akwai hanya da ruwa da wuta, tsayi yana da hujja. Amma kada ku ɗauka cunkoson jama'a sai da tsayi. Birnin Paris yana da kusan mutum 20,000 a kowace murabba'in kilomita, akasarin gidajensa kuma hawa shida ne ko bakwai. Ga Kano ko Maradi ko Kaduna, ni a ganina bene mai hawa huɗu zuwa takwas, wanda in lifta ta tsaya rayuwa ba za ta tsaya ba, ya fi kusa da buƙata.

Kuma gini iri ɗaya yana iya yin albarka a nan ya lalace a can. Rukunin gidajen Pruitt-Igoe a St. Louis ta Amurka, benaye 33 masu hawa 11, an fara rushe shi a 1972 bai kai shekara 20 ba, bayan kuɗin kula da shi ya ƙare. A Singafo kuwa kusan kashi 80 cikin 100 na jama'a suna zaune a benayen gwamnati, domin akwai hukumar da ke kula da su ba fashi. In gidan zama kuke zanawa don iyalinmu, ku tambayi kanku ina baƙo namiji zai tsaya ba tare da ya ratsa cikin gida ba, ina za a yi shanya da daka, ina yara za su yi wasa uwa tana hango su, kuma barandar wani ba ta leƙa tsakar gidan maƙwabcin da ke ƙasa ba.

Me za mu kawo ranar gabatar da aiki?

Zanen da ya yanka ginin daga harsashi har kai, yana nuna hawan injuna, da inda kowane rukunin lifta ya ƙare, da gidajen maƙwabta a tsayinsu na gaskiya. Filan uku aƙalla, na ƙasa da na tsakiya da na sama, kowanne da lissafin kason da cibiya ta ci. Cibiyar ita kaɗai a babban sikeli, da awon kowace ƙofa da kowace matakala. Yankin bangon waje na hawa biyu, a ga yadda inuwa ke faɗawa da ƙarfe 9 na safe da ƙarfe 4 na yamma. Zanen inuwar da ginin ke jefawa a unguwa a watan Disamba da na Yuni. Sai samfurin ƙashin ginin na kwali ko tsinke, ba sutura, wanda malami zai tura da yatsa ta fuska da ta kusurwa ya ga ta ina yake rauni. Ku riga shi turawa a ɗakinku, ku gyara abin da ya motsa kafin ku kawo.